Yadda ake farfaɗo da ramammen kare har ya cika, ya kuma riƙe jikinsa

A yawancin gidajen Maradi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da dare, shi ke kwana bakin garke ko gona, wani kuma na farauta ne. Amma abincinsa bai wuce gayan tuwon da ya kwana, da ƙanzo, da ruwan wankin tukunya ba. In ya fara ramewa, mai shi yakan ce ai haka jinsinsu yake, ko kuma tausayi ya kama shi rana guda ya cika masa kwano har ya yi amai. Duka biyun ba sa gyara kare. Rama tana da sanadi, kuma sau da yawa akwai wani abu a cikin karen ko a kan fatarsa da ke cinye abin da ake ba shi. Sai an gano wannan abin an kawar da shi, sannan abinci zai zauna a jiki. Wanda ya ɗaure dabba ko ya ajiye ta don amfaninsa, ci da shanta suna wuyansa, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne ga kowa.

Da farko, tabbatar ramar ce

Karnukanmu na Sahel ba masu tara kitse ba ne. Karen Azawak da dangoginsa na farauta dogaye ne, masu shafaffen ciki, kuma ganin haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe a jikinsu ba ciwo ba ne. Don haka ido kaɗai bai isa ba, sai an sa hannu.

Tsayar da karen a wuri mai haske. Shafa tafin hannunka a kan haƙarƙarinsa ba tare da dannawa ba. A jikin lafiyayye za ka ji ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, amma da ɗan nama a kansu. Daga nan bi gadon baya har gindin wutsiya, ka taɓa ƙasusuwan ƙugu guda biyu. Sai cinya da kafaɗa da saman kai, tsakanin ido da kunne. Waɗannan wurare uku su ne ke faɗin gaskiya, domin tsoka ce a wurin. Karen farauta mai lafiya cinyarsa cike take, tana da tauri. In cinya ta shafe, kafaɗa ta fito, saman kai ya lotsa, to jiki ya gama cinye kitsensa ya koma cin tsoka.

Likitocin dabbobi suna auna wannan da maki daga 1 zuwa 9. Maki 4 da 5 su ne daidai. A maki 3 ana ganin haƙarƙari da saman ƙashin baya, ƙugu ya fara fitowa. A maki 2 duk ƙasusuwan nan sun bayyana daga nesa, tsoka ta fara tafiya. Maki 1 fata ce da ƙashi. Mai maki 3 ana iya gyara shi a gida. Mai maki 1 ko 2 sai likita ya gan shi kafin a taɓa abincinsa.

Sannan a auna nauyi. Hanya mafi sauƙi ita ce sikelin rataye irin na ƴan kasuwa: a sa karen cikin buhu mai ƙarfi, kansa a waje, a rataya. Ko ka hau sikelin ƙasa kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire na farko daga na biyu. Rubuta nauyin da ranar. Duk ƙwayar maganin da za a ba shi da duk awon abincinsa daga wannan lambar za su fito, saboda haka kada a yi ƙiyasi da ido.

Alamomin da ba a jira da su

Ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne mai haske, da danshi. In ya yi fari, jini ya ƙare. In ya yi rawaya, shawara ce, hanta ko jini sun taɓu. Haka nan haɓo, fitsari mai duhu kamar shayi, zawo da jini mai ƙarni musamman ga kwikwiyo, amai da ya wuce kwana ɗaya, ciki da ya kumbura alhali sauran jiki ya bushe, ko shan ruwa da fitsari fiye da kima. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 39 da rabi zazzaɓi ne. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, a kai shi ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa a ranar.

Akwai alama ɗaya da ta fi duka haɗari. Karen da ya daina ci kwatsam, yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, muƙamuƙinsa ya saki, ko halinsa ya canza, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya fara cizo, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashin da ya maƙale. Haka ciwon haukan kare ke farawa. A kulle shi inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba, a kira ma'aikatan kiwo. Wanda ya ciza ko ya lasa a kan rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti nan take.

Abin da ke cin karen: tsutsa da kaska

Ciyar da kare mai tsutsar ciki ɗiban ruwa ne da rariya. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai doguwar farar tsutsa mai kama da taliya, wadda kwikwiyo ke samu tun yana cikin uwarsa ko ta nono, ita ke sa shi ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Akwai ƙaramar tsutsa mai ƙugiya da ke maƙale wa hanji tana zuƙar jini, ba a cika ganinta da ido ba, sai dai kashi ya yi baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari. Sai tsila, wadda gutsattsarinta ke fitowa a kashi ko su manne a gindin wutsiya kamar ƙwayar shinkafa. Kare na samun ta in ya haɗiye ƙuma, ko ya ci ɗanyen kayan ciki.

Mafi sauƙi shi ne ƙwayar da aka yi don kare, wadda ta haɗa pirantel da prazikwantel, irin su Drontal Plus: ƙwaya ɗaya ga kowane kilo 10 na nauyi. A maimaita bayan sati biyu, domin zagayen farko manya yake kashewa, ƙananan da ke yawo a jiki sai sun iso hanji. In babu ita, ruwan fenbendazol mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana aiki: rabin mililita ga kowane kilo, sau ɗaya a rana, kwana uku a jere. Kare mai kilo 12 zai sha mililita 6 kullum ke nan. Sai dai fenbendazol ba ya kashe tsilar da ƙuma ke kawowa, ita sai prazikwantel, miligram 5 ga kowane kilo.

Abin da ya fi yawa a hannun mutane shi ne ƙwayar albendazol ta tumaki da shanu, kuma ita ake gutsurawa a ba kare. A bar wannan. Tana iya taɓa ɓargon da ke yin jini, ga karen da jininsa ya riga ya yi ƙasa, kuma tana lalata ƴaƴa a cikin karya mai ciki. Allurar ibermektin ta shanu ma haka: abin da kare mai kilo 12 ke buƙata bai kai rabin mililita ba, mai allurar da ya saba da bijimi kuwa in ya zuƙo mililita biyu ko uku, karen zai kama rawar jiki, ya makance, wani ya mutu. Tana maganin ƙazuwa ƙwarai, amma likita ne zai auna.

Kaska ta fi yawa da damina, sai dai irin wadda ke kama kare tana zaune a gida duk shekara, cikin tsagar bango da ƙarƙashin tarkace. Dubi cikin kunne, tsakanin yatsu, wuya, da hammata. Kama ta daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ka jefa cikin gwangwani mai ɗan kananzir. Kada a murtsuke ta da yatsa. Bayan haka a ɗiga maganin fipronil, irin su Frontline, a kan fatar ƙeya inda harshe ba ya kai, sau ɗaya a wata, ba wanka kwana biyu kafin da kwana biyu bayan. Wankan amitraz yana aiki, amma ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, ko karen da ya galabaita, kuma awon ruwan da ke jikin kwalba shi ake bi. Fiya-fiya, maganin feshin gona, da baƙin man mota da wasu ke shafa wa mai ƙazuwa, duk guba ne. Kare yana lasar jikinsa, abin da aka shafa masa cikinsa zai tafi. A share makwancinsa, a ƙone tsohon buhun, a liƙe tsagogin bango, don kaska guda tana zuba ƙwai dubbai.

Kaska ba jini kawai take sha ba, tana sa zazzaɓi mai cinye jini a hankali. Karen da aka ba maganin tsutsa, aka cire masa kaska, yana ci amma bai ƙaru ba, ga kasala da farin dasashi, galibi wannan ne. Maganin da aka saba bayarwa doksisiklin ne, miligram 10 ga kowane kilo a rana har kwana 28, tare da abinci. Kuskuren da ake yi shi ne dainawa bayan sati ɗaya da an ga ya warware, sai ciwon ya koma ya ɓuya. Akwai kuma wani nau'in zazzaɓin kaskar da sai allura, shi ya sa gwajin jini ke da amfani.

Kafin a bar wannan babi, a leƙa bakin karen da aka tabbatar ba ya da alamun hauka. Karyayyen haƙori, ƙashi ko tsinke da ya gicciye a dasashin sama, ko gyambo a harshe, suna sa kare ya zo wurin kwano da yunwa ya juya.

Nawa zai ci

Ƙarfin abinci da kalori ake auna shi. Lissafin mai sauƙi ne: nauyin kare sau 30, a ƙara 70. Abin da ya fito shi ne abin da jiki ke ƙonewa a rana ko da kare na kwance. Ɗauki kare mai kilo 12 wanda ya kamata ya kai 15. A nauyin da ake so, 15 sau 30 a ƙara 70 ya ba da 520. Babban kare mai zirga-zirga yana buƙatar kusan ninki biyu na wannan, wato wajen kalori 950 zuwa 1,050 a rana. Wannan shi ne inda za a kai, ba inda za a fara ba.

Ga haɗin yini guda da ke ba da kusan kalori 1,000, nauyinsa wajen gram 700:

- dafaffiyar shinkafa ko tuwon hatsi mai laushi, gram 300, kusan kofi biyu na kwatan lita
- dafaffen nama ko kayan ciki, zuciya da tumbi da huhu da saifa a gauraye, gram 200
- dafaffen ƙwai ɗaya
- dafaffiyar hanta, gram 30, ba ƙari
- dafaffiyar kabewa ko dankali, gram 100, a murƙushe
- man gyaɗa, ƙaramin cokali biyu
- garin ɓawon ƙwai, rabin ƙaramin cokali
- gishiri mai ayodin, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka

Kowane abu a nan da dalilinsa. Tuwo yana ba da ƙarfi amma ba ya gina tsoka, shi ya sa karen da ke rayuwa kan gaya zalla zai iya cika ciki kullum ya ci gaba da bushewa. Nama da ƙwai su ke mayar da cinya. Saifa da hanta suna mayar da jini, amma hanta in ta yi yawa tana sa zawo, in aka daɗe kuma tana lalata ƙashi, don haka aka taƙaita ta. Ɓawon ƙwai shi ne abin da aka fi mantawa. Nama da hatsi ba su da isasshen sinadarin ƙashi, kuma karen da aka ciyar da su zalla, musamman kwikwiyo, ƙafafunsa na iya lanƙwashewa. A tafasa ɓawon, a shanya ya bushe ƙayau, a daka ya zama gari.

Gram 200 na nama kullum ba kowane gida ke iyawa ba, kuma ba dole ba ne. A mahauta huhu da tumbi da saifa sun fi tsoka araha nesa ba kusa ba. Busasshen kifi gram 60, a jiƙa a zubar da ruwan gishirin, a cire ƙaya, yana maye gurbin fiye da rabin naman. Awara da ba a soya ba tana da kyau. Wake ma haka, in an dafa shi ya yi luguf aka murƙushe, amma a fara da cokali biyu don yana kumbura ciki. Busasshiyar fara da ba a sa wa yaji ba, a cire ƙafafu a daka, abinci ne mai gina jiki, muddin an san ba wadda aka yi wa feshi ba ce. Ƙuli-ƙuli mara yaji gram 30 zuwa 40 a rana ya isa. A nan sai an kula ƙwarai: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke kashe hanta, kuma kare ba ya jure ta. Ƙuli-ƙuli ko hatsin da ya yi ɗaci, ya canza launi, ko ya yi warin rumbu, wanda aka ce mutum ba zai ci ba a ba kare, shi ma kada ya ci. Ko da wane haɗi aka yi, a bar ƙwai ɗaya da ɗan abin da ya fito daga dabba a ciki kullum.

Mai hali zai iya sayen busasshen abincin kare na buhu. Wanda aka yi don kwikwiyo ya fi dacewa da ramamme, gram 270 zuwa 280 na ba da kusan kalori 1,000. A duba ranar lalacewa, a shinshina, domin zafin shago yana sa man da ke ciki ya yi ɗaci.

Ba a zuba wa kare miyar gida. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininsa, dafaffu ne ko ɗanyu, ga barkono da dunƙulen ɗanɗano da gishiri mai yawa. A ɗebi nasa kafin a haɗa miya. Goro, shayi, kofi, cakulan da inabi duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi, balle na kaza ko na zabo, yana tsagewa ya huda hanji. Ɗanyar madara tana sa yawancin manyan karnuka zawo, amma cokali biyu ko uku na kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara ba laifi. Parasitamol, ibuprofen da diklofenak na mutane suna lalata masa hanta da ƙoda da tumbi. Sai magungunan ƙiba, su deksametazon da ake ɗura wa ragunan layya da ƙwayoyin sha-ka-fashe: ruwa suke tarawa a jiki, tsoka na ƙara narkewa, garkuwar jiki na faɗuwa, zazzaɓin kaskar da ke kwance ya tashi.

Kwanaki goma sha huɗu na farko

Karen da ya rame amma bai daina ci ba, aikinsa da sauƙi. A kwana biyu na farko a sa kashi ɗaya na sabon haɗi cikin kashi uku na abin da ya saba ci. Kwana biyu na gaba rabi da rabi. Zuwa ƙarshen sati ya koma sabon haɗin gaba ɗaya, a raba shi sau uku a rana.

Wanda ya kwana biyar ko fiye bai ci abin kirki ba, kamar wanda aka tsinta a bola ko ya ɓata a daji ya dawo, shi ne ake kashewa da alheri. Jikin da ya daɗe da yunwa ya ƙarar da wasu gishirin jini, su fosforos da fotasiyom da magneziyom. In aka cika masa ciki da tuwo ko shinkafa, jiki zai saki insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da yawa, insulin ɗin ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin tsoka. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar a ga karen da ya fara murmurewa ya faɗi, yana numfashi da ƙyar, zuciya ta gaza. Mai shi ya ce ai da ma ya riga ya mutu, alhali kwanon ne.

Don haka a yi lissafi da nauyin da yake da shi yanzu. Mai kilo 12, sau 30 a ƙara 70, ya ba da 430. Rana ta ɗaya da ta biyu kashi ɗaya cikin uku na wannan kawai zai ci, wajen gram 100 na haɗin a yini, a raba huɗu. Kowane ci bai wuce babban cokali biyu ba. Zai dube ka yana neman ƙari, yara za su ce ana masa rowa, a daure. A waɗannan kwanaki a rage shinkafar da rabi, a bar ƙwai da nama su fi yawa, a dama da romon da ba gishiri ya yi ruwa-ruwa, da ɗumi. Rana ta uku da ta huɗu gram 200. Ta biyar da ta shida gram 300. Daga nan a riƙa ƙara gram 100 duk bayan kwana biyu, har a kai gram 700 wajen kwana na goma sha huɗu. Man gyaɗa sai an shiga sati na biyu, a fara da rabin ƙaramin cokali.

Kashi shi ne alƙalin wannan aiki, a riƙa dubawa kullum. In ya fito a dunƙule, a ci gaba. In ya yi laushi, a tsaya a awon da ake kai kwana biyu. In ya zama zawo, a koma awon baya, a cire mai da hanta da wake, a ƙara kabewa. Ja fatar wuyansa sama ka saki: in ba ta koma nan take ba, ruwan jiki ya yi ƙasa. A dafa lita ɗaya ta ruwa, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In yana amai, ko zawon ya kwana biyu, sai likita.

Ruwan sha kuwa kada ya yanke. Kare na buƙatar mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, wato kusan lita ɗaya ga mai kilo 15, kuma a bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, yana iya shan ninki biyu. Kasko mai nauyi da ba zai kife ba, a inuwa, a wanke shi kullum.

Abubuwan gida da ke hana shi cika

Wani lokaci awon daidai ne, amma ba cikin karen yake shiga ba. Kaji da awaki suna rigansa, ko babban kare ya kore shi. A ba shi shi kaɗai, a tsaya minti goma sha biyar, a ɗauke abin da ya rage, domin dafaffen abinci a zafin nan ba ya wuce sa'o'i kaɗan bai lalace ba. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin ciyar da shi. A gidan da kowa ke zaton wani ya ba shi, kare na iya wuni da yunwa. Da azumi a tuna da shi, tunda ba a ɗora tukunyar rana: a ware nasa tun da sahur. Da zafi kuma ya fi ci da sassafe da bayan magariba.

Karen da aka ɗaure a rana ba ya ƙiba, haki kawai yake yi. Da hunturu kuma ramamme yana ƙone abincinsa wajen ɗumama jiki, don haka a shimfiɗa masa buhu biyu a lungun da iska ba ta bugawa.

Babbar salla tana da nata haɗarin. Ana tara wa kare kitse da tarkacen layya a yini ɗaya, kitse mai yawa kuwa yana kumbura masa fankiriyas, wani sashe na ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, ya kama amai da ciwon ciki mai tsanani. Mafi muni shi ne hanta ko huhun da aka gani da ƙulli mai ruwa a ciki aka jefa masa ɗanye. Wannan ƙullin ƴaƴan tsutsa ne. A cikin kare za su girma, ƙwansu ya fita a kashi, ya koma ga tumaki da mutane, ya yi irin wannan ƙulli a hantar ɗan Adam. A ƙone irin wannan nama ko a binne shi da zurfi. Kayan ciki masu kyau a dafa, a yanka, a shanya, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kashin kare kuma a kwashe kullum a binne, don tsutsa mai ƙugiya tana shiga ta tafin ƙafar yaran da ke yawo ba takalmi. Kwanonsa daban, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Karya mai shayarwa lissafinta daban ne. A sati na uku da na huɗu bayan haihuwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincinta na yau da kullum, in ƴaƴan da yawa har fiye. A bar mata abinci sau huɗu a rana, a ninka garin ɓawon ƙwai daidai da yawan abincin. Ƴan kwikwiyon a fara ba su kunu mai ƙwai tun suna sati uku zuwa huɗu, a yaye su tsakanin sati shida da takwas, sannan uwar za ta samu ta mayar da jiki. A ba su maganin tsutsa na pirantel a sati 2, 4, 6 da 8, tare da uwar. Karyar da ke haihuwa a kai a kai ba ta taɓa cika, kuma likita na iya yi mata aikin hana haihuwa in ba a bukatar ƴaƴan.

Auna ci gaba, da riƙe shi

A auna shi sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe kafin ya ci. Ƙarin da ake so shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a sati, wato gram 120 zuwa 240 ga mai kilo 12. Kilo uku za su ɗauki wata uku zuwa shida. Mai karen farauta ya lissafa wannan tun kaka, ba a fafe gora ranar tafiya. In sati biyu suka wuce sikeli bai motsa ba alhali yana cinye rabonsa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na abincin. In wasu sati biyun suka sake wucewa haka, ba yunwa ba ce, a koma wurin likita da ɗan kashinsa a leda don a duba, a kuma nemi gwajin jini. Ciwon ƙoda, ciwon sukari, ciwon hanta da ƙari duk suna ramar da kare, musamman tsoho, kuma abinci kaɗai ba ya maganinsu.

Daga sati na uku a fara fita da shi, minti goma da safe, minti goma bayan la'asar in ƙasa ta huce, ana ƙarawa a hankali. Abinci ba tare da motsi ba kitse yake zama a ciki, tafiya ce ke mayar da shi cinya da kafaɗa. Kada a sa shi gudu sai an yi awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Farauta da bin garke sai ya kai maki 4.

Da ya kai inda ake so, haƙarƙari na jin hannu amma ba sa tsone ido, cinya ta cika, a rage abincin da kusan kashi ɗaya cikin shida, daga gram 700 zuwa wajen 580 ko 600, a mayar da shi sau biyu a rana. Abin da ake fara ragewa shi ne mai da tuwo, ba nama da ƙwai ba. Wanda aka yi wa fiɗiya ko ke wuni a kwance yana buƙatar ƙasa da haka, na farauta a lokacin aikinsa yana buƙatar fiye. A ci gaba da awo sau ɗaya a wata, in ya sauka ko ya hau da rabin kilo a gyara kwano. Maganin tsutsa duk wata uku, na kaska duk wata, a ƙara sa ido daga Yuni zuwa Oktoba. Allurar rigakafin hauka ana fara ta daga wata uku da haihuwa, a sabunta duk shekara. Ramamme mai zazzaɓi a bari ya warware tukuna don allurar ta kama da kyau, amma da ya miƙe kada a ƙara jinkiri, a kuma adana takardar da likita ya rubuta ranar a ciki.